Zakaran Formule 2: a ba ka kambu, a kore ka daga fili



Daga shekarar 2005 zuwa 2025, matasa 21 ne suka ci kambun gasar tseren motoci da ke ƙasa da Formule 1, wadda a da ake kira GP2, tun 2017 kuma ake kiranta Formule 2 ko F2. Mun zauna mun bi sunayensu ɗaya bayan ɗaya, domin mu ga inda kowa ya kwana. Goma kaɗai daga cikinsu suka shiga kakar da ta biyo baya da kujerarsu ta kansu a F1. Biyar sai da suka yi zaman jira kafin a buɗe musu ƙofa. Shida kuwa, tun ranar da suka ɗaga kofin har yau, ba wanda ya sake ba su mota ranar Lahadi a babbar gasar. Wanga lissafi shi ya sa muka ce bari mu yi magana, domin a ganinmu akwai rashin adalci a cikin tsarin, kuma rashin adalcin da za a iya gyarawa ne.

Ga waɗanda ba su cika bin wasan ba, bari mu fara da tsanin. Yaro yana farawa da ƴan ƙananan motocin da ake kira karting tun yana shekara shida ko bakwai. Daga nan ya hau F4, sai gasar yanki, sai F3, sai F2. F2 ita ce matakalar ƙarshe, daga ita sai F1 da wasunmu ke kallo a Canal+ ranar Lahadi. Motocin duka masu kujera ɗaya ne, tayoyi a waje, direba shi kaɗai a ciki, gudu kuma a F2 da F1 ya wuce kilomita 300 a awa guda.

Bambancin da ke tsakanin gasannin biyu shi ne tushen maganarmu. A F1 kowace ƙungiya ita ke ƙera motarta, saboda haka gwanin direba zai iya ƙarewa a baya don kawai motarsa ba ta da gudu. A F2 kowa mota iri ɗaya yake tuƙawa. Kamfanin Dallara na Italiya ke ƙera gangar jikin, injin na Mecachrome ne daga Faransa, tayoyin kuma na Pirelli. Ƙungiya 11, mota 22. Ranar Juma'a a gwada gudu don a jera su, ranar Asabar a yi gajeren tsere inda ake juya goman farko, na goma ya koma gaba, na ɗaya ya koma na goma, don a ga wanda ya iya wuce abokan hamayya. Ranar Lahadi a yi dogon tseren da dole sai ka tsaya an canza maka taya, wanda ya zo na ɗaya ya kwashi maki 25. Haka ake yi wata da watanni, daga Bahrain zuwa Monako, daga Ingila zuwa Abu Dabi. Gaskiya ne wasu ƙungiyoyi irin su ART da Prema sun fi wasu iya daidaita mota, amma duk da haka ba wata jarrabawa a duniyar tseren da ta fi wannan kusa da gaskiya. Wanda ya fito na ɗaya a ƙarshen kaka ba a banza ya fito ba.

To ga inda gizo ke saƙar. Dokar gasar ta ce wanda ya ci kambu ba zai sake shiga F2 ba. Na biyu zai iya dawowa baɗi, na goma zai iya dawowa, wanda ya yi ta karo da bango duk shekara shi ma zai iya dawowa in yana da kuɗi. Zakara kaɗai ake cewa ya tattara kayansa. Kuma dokar da ta kore shi ba ta yi masa alkawarin komai a sama ba. Mu da muka saba da kokowa mun san cewa wanda ya ɗauki takobi bana, baɗi zai dawo fili ya kare shi. Da haka ne Issaka Issaka na Doso ya ɗauki takobi sau da dama, da haka ne sunan ɗan kokowa ke zama a bakin jama'a. Ku yi tunanin a ce wa wanda ya kada kowa: tunda ka ci, kada ka sake shiga fili, je ka jira ko wani zai kira ka. Abin da ake yi wa zakaran F2 kenan.

Kada a ce muna magana a iska, ga sunaye.

Davide Valsecchi ɗan Italiya ya ci kambu a 2012. Ƙungiyar Lotus ta ɗauke shi direban jiran ko-ta-kwana a 2013. A ƙarshen shekarar, Kimi Räikkönen ya tafi aikin tiyata a bayansa, tsere biyu suka rage ba mai tuƙa motar. Wannan ita ce ranar da aka ajiye Valsecchi dominta. Sai Lotus ta tsallake shi ta ɗauko Heikki Kovalainen daga waje, wanda bai kawo musu maki ko ɗaya ba. Valsecchi bai taɓa yin tsere a F1 ba, daga baya ya koma sharhin wasan a tele. Fabio Leimer ɗan Suwizalan, zakaran 2013, shi ma bai taɓa yi ba.

A 2019 Nyck de Vries ɗan Holan ya ci. Wanda ya zo na biyu, Nicholas Latifi ɗan Kanada, ɗan hamshaƙin attajiri, shi ya samu kujera a Williams a 2020. De Vries ya tafi gasar motocin lantarki ta Formule E, ya ci kambun duniya a can a 2021. Sai a Satumbar 2022 ya taɓa F1, da rashin lafiya ta kwantar da Alex Albon a Monza, ya hau motar da bai saba da ita ba ya zo na tara. A 2023 AlphaTauri ta ba shi kujera, bayan tsere goma ta sallame shi.

Sai Oscar Piastri ɗan Ostareliya, wanda labarinsa ya fi ba kowa mamaki. Ya ci Formule Renault a 2019, ya ci F3 a 2020, ya ci F2 a 2021, kambu uku a jere cikin shekara uku. A 2022 yana zaune a benci a Alpine, yayin da Zhou Guanyu ɗan China, wanda ya zo na uku a bayansa, yake tuƙa motar Alfa Romeo. Da McLaren ta ɗauki Piastri a 2023, duniya ta ga irin direban da aka bari ya yi shekara guda yana kallo.

A 2022 Felipe Drugovich ɗan Burazil ya ci da rata mai faɗi. Logan Sargeant ɗan Amurka, na huɗu, shi ya shiga Williams. Drugovich ya yi shekara uku yana jira a Aston Martin. A farkon 2023 Lance Stroll, ɗan mai ƙungiyar, ya faɗi da keke ya ji ciwo a wuyan hannu, Drugovich ya yi gwajin mota a madadinsa, amma da ranar tsere ta zo Stroll ya dawo ya hau abinsa. A 2023 Théo Pourchaire ɗan Faransa ya ci yana da shekara 20, sai ya kama yawo, Japan, Amurka, daga baya tseren dogon zango. A 2025 Leonardo Fornaroli ɗan Italiya ya ci F2 a shekararsa ta farko, bayan ya ci F3 a 2024. Jerin direbobin F1 na 2026 ya fito ba sunansa, amma akwai na Arvid Lindblad da ya ƙare a bayansa. Wani ya yi rawa ya samu kuɗi, wani ya yi ya sha duka.

Me ke kawo haka? Abu uku muke gani.

Na farko ƙarancin kujeru. Shekara da shekaru kujera 20 ce a F1, ƙungiya goma kowace da mota biyu. F2 tana fitar da zakara kowace shekara, F1 kuma ba ta sallamar tsoho kowace shekara. Fernando Alonso ya fara tun 2001, ya haura shekara 40, har yanzu yana nan. Lewis Hamilton tun 2007 yake ciki. Da Cadillac ta shigo a 2026 kujerun suka zama 22, mutane suka ce to ga dama ta samu ga matasa, sai ta ɗauki Sergio Pérez da Valtteri Bottas, dukansu sun haura shekara 35. Sabuwar ƙungiya tana son wanda ya san hanya, ba za mu ga laifinta ba, amma matashi dai bai ƙaru da komai ba.

Na biyu kuɗi. Ƙaramar ƙungiya da ke fama da kasafi, in direba ya zo mata da miliyoyi daga mahaifinsa ko daga kamfanin ƙasarsu, da wuya ta kalli tebirin maki. Nikita Mazepin ya zo na biyar a 2020, ya shiga Haas a 2021, sunan kamfanin mahaifinsa na takin zamani, Uralkali, yana rubuce a jikin motar. Ko a cikin zakarun, Pastor Maldonado na 2010 ya shiga Williams ne kamfanin man fetur na Benezuwela, PDVSA, yana biye da shi.

Na uku, wanda a yau ya fi kuɗin ma ƙarfi, shi ne uban gida. Manyan ƙungiyoyi suna da makarantun renon direbobi, suna kama yaro tun yana karting. McLaren ta ɗauki Hamilton a 1998 yana ɗan shekara 13. Charles Leclerc yaron Ferrari ne lokacin da ya ci a 2017, George Russell yaron Mercedes ne lokacin da ya ci a 2018. Kimi Antonelli ya zo na shida a F2 a 2024, ya gaji kujerar Hamilton a Mercedes, domin tun yana ƙarami yake hannunsu. Oliver Bearman ya ƙare na 12 a wannan shekarar, ya shiga Haas da goyon bayan Ferrari. Drugovich kuwa lokacin da ya ci kambunsa ba ya cikin makarantar kowa. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya, wannan ko a Turai haka take.

Dokar lasisi ma ba ta taimaki zakara ba. Kafin ka tuƙa a F1 sai ka samu babban lasisin hukumar FIA, wanda ke buƙatar maki 40 da ka tara cikin shekarun baya. Na ɗaya a F2 maki 40 ake ba shi, na biyu 40, na uku ma 40. Wato a kan takarda, kambu bai ƙara maka komai a kan wanda ka kayar ba.

Yanzu bari mu ba ɗaya ɓangaren haƙƙinsa, domin suna da hujja mai nauyi. Shugabannin ƙungiyoyi suna cewa ba cin kambu kaɗai suke dubawa ba, suna duba a shekara ta nawa ka ci. Valsecchi a kakarsa ta biyar ya ci, Leimer da Jolyon Palmer a ta huɗu, de Vries da Drugovich a ta uku. Wanda ya maimaita aji sau uku ya zo na ɗaya, in ji su, bai kai sabon ɗalibin da ya zo na uku ba. Hamilton, Nico Hülkenberg, Leclerc, Russell da Gabriel Bortoleto duk a shekararsu ta farko suka ci, kuma duk suka wuce kai tsaye. Suna kuma nuna cewa cikin zakarun nan 21, biyu kaɗai suka zama zakarun duniya, Nico Rosberg da Hamilton. Max Verstappen bai taɓa shiga F2 ba, na uku ya zo a F3 ta Turai a 2014, ya shiga F1 yana ɗan shekara 17, ya ci kambun duniya huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024. Lando Norris, zakaran duniya na 2025, na biyu ya zo a bayan Russell a 2018. Saboda haka ƙungiya tana da ƴancin zaɓen wanda take ganin zai fi girma gobe.

Mun yarda da wannan, kuma ba mu ce a tilasta wa kowa ɗaukar direban da ba ya so ba. Mai kuɗinsa shi ke zaɓen ma'aikacinsa. Amma hujjar ba ta rufe ramin duka ba. Piastri a shekararsa ta farko ya ci, ya zauna a benci. Fornaroli a shekararsa ta farko ya ci, ba kujera. Kuma in har kambu bai isa ya zama shaidar cewa ka cancanci F1 ba, don me ya isa ya zama dalilin korarka daga F2? A zaɓi ɗaya mana. Ko dai kambun yana nufin ka gama makaranta, a buɗe maka ƙofar gaba, ko kuwa ba ya nufin haka, a bar ka ka ci gaba da tsere inda masu ɗaukar direbobi ke ganinka kowane mako. Direban da ya yi shekara biyu yana zaune da na'urar sauraro a kunne a bayan gareji, ana mantawa da shi, sababbin yara suna tasowa, shi kuma hannunsa yana sanyi.

A tuna kuma abin da yaran nan suka zuba kafin su kai nan. Ƙiyasin da aka fi ji shi ne kaka ɗaya a F2 tana cin wajen yuro miliyan 2 ko fiye, kuma direba ne ke kawo kuɗin, ba shi ake biya ba. A kuɗinmu, yuro ɗaya sefa 656 ne, wato sama da miliyar 1 da miliyan 300 a shekara guda, ban da abin da aka kashe tun daga karting. Iyayen Esteban Ocon, mahaifinsa makanike ne, gidansu suka sayar suka koma zama a cikin motar kwana don ɗansu ya ci gaba da tsere. Ocon shi ya ci F3 ta Turai a 2014 a gaban Verstappen, amma sai a Agustan 2016 ya samu shiga F1. Kuma ba kuɗi kaɗai ake sakawa ba. Ranar 31 ga Agusta 2019, a filin Spa na Beljiyam, Anthoine Hubert ɗan Faransa, zakaran GP3 na 2018, ya rasu a tseren F2 yana da shekara 22. Gasar da ake shiga da dukiyar gida da rai a hannu, bai kamata ladan wanda ya ci ta ya zama sallama kawai ba.

Gyaran ba shi da wuya. A Amurka, wanda ya ci Indy NXT, gasar da ke ƙasa da IndyCar, ana ba shi tallafin kuɗi da zai taimaka masa ya shiga tseren manya, har da Indianapolis 500. Su sun gane cewa tsani sai ya jingina da wani abu. Kamfanin Liberty Media da ke da F1, wadda ta samu sama da dala miliyar 3 a 2023, shi ne kuma ke da F2. Ba zai gagare shi ba ya ce zakaran da bai samu kujera ba yana da damar dawowa kaka ɗaya ya kare kambunsa, kuma gasar ce za ta biya masa. Masu cewa zai tare wa ƙanana hanya, kujera ɗaya ce cikin 22, kuma sabon yaron da ya kayar da zakara mai ci ya samu shaidar da ta fi kowace. Sannan akwai dokar da ta tilasta wa kowace ƙungiyar F1 ta ba sabon direba mota a atisayen ranar Juma'a, sau huɗu a shekara tun 2025. Me zai hana a ware wa zakaran F2 rabo tabbatacce a ciki, maimakon kowace ƙungiya ta ba yaronta? Wannan ba kujera ba ce, amma aƙalla za a gan shi a mota ɗaya da manya, agogo ya yi hukunci.

Wani zai ce ina ruwan mutumin Maraɗi ko Damagaram da ƴaƴan masu kuɗin Turai. Ruwanmu biyu ne. Na ɗaya, mu ma ƴan kallo ne, kuɗin da muke biya a wata yana cikin abin da ke riƙe wasan, kuma mai kallo yana da haƙƙin sanin ko waɗanda ke gabansa su ne suka fi iyawa. Na biyu, ana ta maganar dawo da F1 Afirka. Rabon nahiyar da gasar tun 1993 a Kyalami ta Afirka ta Kudu, kuma a Disambar 2024 shugaba Paul Kagame ya bayyana a Kigali cewa Ruwanda na neman karɓar baƙuncinta. Gina fili abu ne mai yiwuwa in akwai kuɗi. Amma in tsanin da ke kai direba can bai tabbatar da komai ba ko ga wanda ya zo na ɗaya, to yaron Afirka da ba shi da attajirin uba kuma ba shi da uban gida a Turai, ta wace ƙofa zai shiga? Za mu gina fili ne wasu su zo su yi gudu, mu kuma mu tafa.

Saboda haka duk lokacin da kuka ga an ɗaga kofin F2 a ƙarshen shekara, ku riƙe sunan yaron, sannan ku duba jerin direbobin F1 na kakar gaba ku gani ko yana ciki. Bisa lissafin shekara 21 da suka wuce, rashin ganin sunan ya fi ganinsa yawa, 11 da 10. Ranar da FIA da masu gasar suka gyara wannan doka, ranar ce kambun zai yi daidai da wahalar da aka sha a kansa.

Allah ya ba mai rabo sa'a, ya kuma sa mai ƙoƙari ya ci guminsa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.